Gonar da Na Hana Garma

Duk wanda ya bi hanyar Balan ya ga filin ƙwallon da ke gindin marke, to ya sani gona ce, kuma ni Barau na hana garma shiga cikinta. Ba hukuma ce ta ba mu ba, ba wani attajiri ne ya saya mana ba. Yaran yanzu suna ta tsalle a kai da takalma masu launi, suna tsammani haka Allah ya halicce shi a share.

Ni ban yi boko ba, ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba. Dako na je yi Kano shekarar da aka sami mulkin kai, ina ɗaukar buhu a ka ina hawa dalar gyaɗa da shi. A wasan yamma na 'yan dako mutanen wani kamfanin matse mai suka ga na ture ƙarti uku na fito da ƙwallo, suka sa ni cikin ƙungiyarsu. Lamba biyar. Albashi ake ba ni don in hana mutane wucewa, ka ji sana'a. 'Yan Sabon Gari suka sa mini suna Ganuwa. Na tare 'yan Legas, na tare 'yan Jos, na tare wani dogo daga Gana da ake cewa ba a taɓa ƙwace masa ƙwallo ba. Ranar ya koma masauki yana tambayar sunana.

Ana tsakiyar yaƙin basasa wani ɗan gaba ya gaji da ni, ya bar ƙwallo ya bi ƙaurina. Har 'yan kallo sai da suka ji ƙarar. Likita ya duba ya ce sai an yanke. Na ce masa ya yanke tasa. Aka sa ni a bayan motar gyaɗa zuwa Kademi wurin maɗori, ya ja, na yi ihun da ban taɓa yi ba, ya ɗaure da kara da tsumma. Ƙafa ta ɗoru, sai dai ta gajarce, shi ya sa nake tafiya kamar mai auna gona. Wanda ya karya ni ya daɗe a kabari, Allah ya ji ƙansa. Likitan ma na ji ya riga mu. Ƙafar ga ta nan.

Da na dawo gida na tarar mahaifinmu ya rasu, gandu yana hannun yayana Tukur, wanda shi ne Sarkin Noman Balan. Mutum ne mai kafaɗa kamar ƙofar zaure, ba ya dariya sai ya ga an yi asara a gonar wani malalaci. Ba a raba gado ba, amma kowa ya san gonar marke ita ce rabona. A shimfiɗe take kamar faifai. Da aka yi girbi na tumɓuke tushiyoyi, na baje kunyoyi, na kafa sandunan raga, na tara samarin gari na fara koya musu abin da na sani. Cikinsu har da Lurwanu, ɗan farin Tukur, saurayi mai ƙirji irin na ubansa. Shi na sa a lamba biyar, wurina. Tukur kuwa, saboda kara, wato kunyar ɗan fari, bai taɓa kiran sunansa ba tun ranar suna. Sai dai ya ce "wancan", ko "yaron gidan nan", ko ya yi gyaran murya kawai.

Da farko da rani kaɗai muke wasa. Amma ƙasar da aka huɗa ba ta komawa daidai, samari suna ta targaɗe a ramukan bara. Sai na ce daga yanzu ba a ƙara huɗar gonar marke. Tukur ya kau da kai damina ɗaya, ya yi gunaguni ta biyu. Ta uku kuwa babban farin nan ne na saba'in da uku, gero ya ƙone a tsaye, rumbuna suka zama gidan ɓera.

Da bazarar da ta biyo baya ta kama, ya kira ni zaure da hantsi. Liman yana nan, mai unguwa yana nan.

"Barau," ya ce, "wasan yara ya ƙare. Ruwan farko yana sauka zan sa garma a gonar marke."

"Yaya, gonar tawa?"

"Taka ce, amma tuwon da kake ci daga rumbuna yake fitowa. Mutane suna cin tafasa da rama ba gari, kai kana kiwon fili kamar doki."

"Gonakin da ka huɗa bara me suka ba ka? Kara. Tawa ko ba komai ta ba gari abin kallo."

"Sai ka dafa wa Hure abin kallon ta ci."

Hure matata ce. Liman ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Ni kuwa raina ya ɓaci. A lokacin an riga an sa mana wasa da Gafasa ta ƙasar Ajingi. 'Yan Gafasa sun ci Kademi, sun ci 'yan cikin Gaya har gida, ba wanda ya taɓa tsira daga hannunsu. Suna da wani ɗan gaba, Bilya, siriri kamar tsinken tsire, in ya zura da gudu sai dai ka ga ƙura.

Na ce, "Yaya, ga Liman ga mai unguwa. In Gafasa ta ci mu, ni da gurguwar ƙafata zan ɗauki garma in huɗe gonar nan, kuma ba zan sake ambaton ƙwallo a Balan ba. In ba ta ci mu ba, fili ya zauna, har abada."

"In kun ci su kake nufi."

"Ban ce ba. Ni ɗan baya ne, ban taɓa yi wa kowa alkawarin ci ba. Alkawarina shi ne ba a wuce ni. Ko kunnen doki aka yi, fili nawa ne."

Tukur ya dube ni, ya dubi ƙafata. "Na yarda. Ka fara wasa garmarka."

Na fito zaure da ƙarfin hali, amma na san samarina. Ƙarfi kamar shanun huɗa, gudu kuwa babu mai kamo Bilya ko da keke. Hanya ɗaya ce, satar gida. A Kano na koye ta. Dokar ita ce, in aka miƙa wa ɗan gaba ƙwallo alhali ya fi 'yan baya kusa da raga, alƙali zai busa, ƙwallo ta dawo hannunmu. Don haka 'yan baya huɗu su jeru, da an zo miƙawa su taka gaba tare, su bar shi a baya shi kaɗai kamar wanda ayari ya manta. Amma sai sun taka tare. Mutum ɗaya ya makara, an gama da ku.

Na yi bayani har muryata ta dishe. Na zana a ƙasa da sanda. In na ce "gaba", biyu su tafi, ɗaya ya tsaya yana tambaya, ɗaya ya koma baya don a ganinsa ba a barin gida a buɗe. Lurwanu ya ce, "Baffa, ɓarawo yana tahowa ka ce mu fita mu bar masa ɗaki?"

Ina zaune gindin marke ina cizon yatsa sai ga Maiwada makaɗi zai wuce da gangar noma a rataye. Gidansu ne ke yi wa gidanmu kiɗan gayya tun kakanni. Nan na tuna abin da na sha gani tun ina yaro. A gayya, ƙarti ashirin sukan jeru a bakin gona, kowa da kunyarsa, ganga na bugawa garemani na sauka tare kamar hannu ɗaya. Ba mai yi musu bayani. Ƙafar manomi tana jin ganga kafin kunnensa ya ji magana.

Na ce, "Maiwada, zo nan. In na ɗaga sandar nan, ka ba ni bugu ɗaya mai nauyi, irin na fara huɗa."

Na jera su. Na ɗaga sanda. Ganga ta ce dum. Wallahi su huɗun nan suka taka gaba kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Su kansu sai da suka dubi juna suka fashe da dariya. Muka yi ta yi kullum yamma har ya zama ko tari Maiwada ya yi sai sun motsa. Kocinmu na Kano da allonsa da allinsa bai taɓa samun layi irin wannan ba, kuma ni na ƙirƙiro shi, kar wani ya gaya muku daban.

Ranar wasa Juma'a ce, bayan an sauko. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, gabas ta fara haɗa baƙi. 'Yan Gafasa suka iso a bayan akori-kura suna waƙa, wasu a kan kekuna. Alƙali wani malamin firamare ne daga Gaya, da gajeren wando da usur. Gari ya fito kaf, har tsofaffi masu dafaffen rogo. Tukur ne kaɗai bai zo ba.

Bilya ya sauko daga mota ya dubi samarina. "Waɗannan ne? Ai na ɗauka an zo ɗaukar buhu ne."

Aka busa. Ba a jima ba ɗan tsakiyarsu ya ɗaga kai zai miƙa. Na ɗaga sanda, dum, layi ya taka. Bilya ya karɓi ƙwallo shi kaɗai yana murna, sai usur. Ya juyo yana buɗe hannu. Suka sake, dum, usur. Suka sake. Tun ana ƙirgawa har aka bari. 'Yan Balan suka fara yi masa ihu, "Bilya, an tafi an bar ka!" "Ɗan Gafasa, zo ka sayi rogo ka huta!" Shugabansu ya ruga wurin alƙali ya ce a hana ganga, asiri ne. Malamin ya ce shi a dokokin da ya sani babu inda aka hana kiɗa a bakin fili. Aka tafi hutu ba ci. Na zauna na miƙe gajeriyar ƙafata ina jin kamar na riga na gama.

An dawo, an yi nisa, Gafasa sun fara zagin junansu, sai na ga mutane suna darewa ta wajen gari. Tukur ne. Ya ɗaura walki, garma a kafaɗa, yana tahowa a hankali kamar mai zuwa gonarsa da safe. Bai bi ta bayan jama'a ba. Ta gaban Maiwada ya bi.

Makaɗin noma ba ya ganin Sarkin Noma da garma a kafaɗa ya yi shiru. Ba a taɓa yi ba. Kafin in buɗe baki, hannun Maiwada ya zarce cikin taken Sarkin Noma, bakinsa ya kama kirari, "Na gaban gayya! Mai kwana a kunya, mai tashi da tauraro!" Shi kuwa wannan take, a gayya, shi ne alamar jere ya ƙare, kowa ya yi ta kansa, a ga wanda zai riga kai ƙarshen gona.

Layina ya watse a gaban idona. Ɗaya ya zabura gaba, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya juya yana jinjina. Lurwanu ya ƙame a wuri ɗaya jikinsa yana tsuma. Aka miƙa wa Bilya, ba usur. Ya wuce kamar iska, ya zuba ta tsakanin ƙafafun golanmu.

'Yan Gafasa suka cika fili da tsalle. Na yi kan Maiwada da sanda.

"Ka kashe ni, ɗan banza!"

"Ganuwa, wallahi ba ni ba ne, hannun ne! Ubana ya yi wa ubanku, kakana ya yi wa kakanku. In gan shi da garma in yi shiru, me zan ce wa gidanmu?"

Tukur ya kafa garmarsa a bakin fili, ya zauna a kan ƙotar. Ranar na ga haƙoransa. "Ci gaba da wasanka, Barau. Ba sauri nake ba. Na kawo maka ita ne don kar ka wahala zuwa gida."

Har gobe ina cewa da gangan ya yi. Ya san ganga fiye da ni.

Na juya na dubi fili. Yanzu satar gida ba ta da amfani, an riga an ci mu, sai mun rama. 'Yan gabanmu kuwa tun da aka fara ba su kai ƙwallo ko kusa da ragar Gafasa ba. Sai idona ya faɗa kan Lurwanu. Har yanzu tsuma yake, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Na san wannan tsumar. A kowace gayya in aka buga taken ubansa, shi ke fara kai ƙarshen gona, ya juyo ya tarar da sauran a rabi.

Na ce, "Maiwada, wannan taken da ka fara, kar ka kuskura ka daina. Ko hannunka zai tsinke."

Na tuɓe riga, na naɗe wando, na jefar da sanda. Na fitar da wani ɗan gaba da ya gaji, na gaya wa alƙali ni zan shiga. Ya dubi ƙafata ya ce, "Malam Barau, ka tabbata?" Na ce ya busa usur ɗinsa kawai. Na kama kafaɗar Lurwanu.

"Ba ni wurina. Ka ga sandunan can nasu? Nan ne ƙarshen gonarka. Kar ka miƙa wa kowa, kar ka waiwaya."

"Baffa, baya fa?"

"Baya tana da mai ita tun ba a haife ka ba."

Bilya ya matso yana dariya. "Baba, koma ka zauna, kar a ƙarasa maka ɗayar."

"Zo ka ƙarasa, ɗana."

Ya zo kuwa. Aka ba shi ƙwallo ya taho yana rawa da ita, ya yi hagu don ya ga nan ce gajeriyar. Duk wanda ya taɓa karawa da ni ya san ba ƙafa nake kallo ba, cibiya nake kallo, don ita ba ta ƙarya. Na shimfiɗe a ƙasa na ɗauke ƙwallo, shi kuma ya tashi sama ya sauko da haƙarƙari. Alƙali ya ce ƙwallo na taɓa. Ina kwance na tura wa Lurwanu.

Ganga tana ci. Ya ɗauka daga tsakiyar fili. Ba gwaninta, ba yanga, kai a sunkuye kamar mai huɗa, ƙwallo tana gaba yana binta a miƙe. Na farko ya tare shi ya faɗi. Na biyu ya kama rigarsa, rigar ta tsage ta bar masa tsumma a hannu. Saura ɗan bayansu ɗaya da gola, sai na ga ya fara rage gudu, yana neman wanda zai miƙa wa, don bai taɓa zuwa nan ba a rayuwarsa.

Sai wata murya ta tsaga filin nan, ta danne ganga, ta danne ihun jama'a.

"Lurwanu! Kar ka tsaya! Kai ta ƙarshen gona, Lurwanu!"

Tukur ne, a tsaye, garma ta faɗi a ƙasa.

Yaron ya buga da ɗan yatsa, irin bugun da na hana su tun ranar farko. Ƙwallo ta daki gola a ƙirji ta shige da shi.

Aka yi ihu, amma ba a daɗe ba ihun ya koma wani abu. Mutane suka juya suna kallon Tukur. Wata tsohuwa mai rogo, Barira, ta rangaɗa guɗa ta ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Sarkin Noma ya faɗi sunan ɗan fari, har sau biyu, a gaban Gafasa!" Dariya ta ɓarke. Lurwanu kansa yana can cikin sanduna ya rufe fuska da tsagaggiyar rigarsa. Tukur ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a ƙasa.

Abin da ya rage na wasan ban san yadda na yi shi ba. Gafasa suka taso mana gaba ɗaya. Na tare da kai, na tare da ciki, na tare da gajeriyar ƙafar har na ji ɗorin Kademi yana magana. Bilya bai sake zuwa ta wajena ba, ya koma ɗaya gefen, can ma na bi shi. Da usur na ƙarshe ya tashi, ɗaya da ɗaya, sai da mutum biyu suka ɗaga ni.

Na ce su kai ni gaban Tukur. Liman yana gefe, mai unguwa yana gefe.

"Yaya, ba a ci mu ba."

Ya ɗauki garmarsa ya saɓa. "Takena ne ya ci ƙwallon nan, ba koyarwarka ba."

"Takenka ne ya sa aka ci mu."

"Jinina ne ya rama."

"Wa ya tura shi gaba?"

"Wa ya hana shi tsayawa?"

Liman ya ce mu bari haka, magana dai an yi ta a gabansa, fili ya zauna. Tukur ya juya ya nufi gari, bai bi ta gaban Maiwada ba wannan karon.

Ba a yi mako ba ruwa ya sauka. Gari ya fita shuka, kowa da sunguminsa, gonar marke tana nan a share, ruwa yana kwanciya a kanta yana ƙyalli. Ba zan ce ba mu ji yunwa ba a daminar nan. Mun ji. Hure ta yi wata ba ta yi mini magana sai ta bakin yara. Na rame har wandona yana zamewa, na yi ƙodago a gonakin mutane da ƙafa ɗaya da rabi. Amma ban je zauren Tukur na ce a sake magana ba, shi ma bai aiko ba.

Na koyar da ƙwallo a filin nan har gemuna ya yi fari. 'Yan bayan da na fitar sun buga a Gaya, sun buga a Wudil, biyu sun kai Kano. Tukur kuwa har ya koma ga Allah yana gaya wa mutane shi ya ci Gafasa, kuma bai sake faɗin sunan yaron nan ba ko sau ɗaya. Lurwanu ne Sarkin Noma yanzu. Bara wasu suka zo masa da maganar a yanka filin a yi shaguna, ya ce su je su tambayi Baffa. Suka same ni gindin marke. Na nuna musu ƙafar, na nuna musu sandar, na ce su zaɓi wadda za su fara gaisawa da ita.